Iska Sau Biyu ga Tukwanen Biri

Litinin, 28 ga Yuni 2021, bayan azahar

Tajuddeen ya bugo. An samar wa Bashira gado a asibiti, ta bar kujerar da take kai tun ranar Asabar. Alhamdulillahi. Shi Tajuddeen malamin jami'a ne daga Kano da ya zo ƙaro karatun injiniya, gidansu yana benen da ke kallon namu, matarsa Aishatu ƙawar Bashira ce. Shi asibitin suke kira, domin kunnena ba ya kama Turancinsu a waya in suna sauri. Ya ce in ci abinci. Na ce na ci.

Na ɗauko wannan littafi ne domin hannuna ya sami abin yi. Zamanin da nake malamin daji a Gembu, dole ne kowa ya rubuta abin da ya yi a rana da lokacin da ya yi shi. Na bar aiki da daɗewa, hannun bai manta ba.

Bashira, autata, ta bar mini yaranta. Haka take kiransu. Suna cikin akwatin gilashi a ƙaramin ɗaki, inda esi ba ya hutawa. Tsirrai ne na kan dutse, a nan ana ce musu periuk kera, wato tukunyar biri, domin kowane ganye yana ƙarewa da 'yar tukunya mai murfi, ƙwaro ya faɗa ciki ya zama abincinsu. Shekara huɗu tana kansu, a kansu za a ba ta digirin. Da aka rufe jami'a saboda kullen annobar nan, aka yarda ta kawo su gida nan Taman Melati. Ranar da numfashi ya fara yi mata wuya, masu fararen kaya suka zo tafiya da ita asibiti, ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baba, yaran. Komai yana rubuce a jikin akwatin." Ba ta ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na duba. An rubuta da manyan baƙaƙe a jikin murfin: AIR HUJAN 2X. Hujan dai sunan tsiron ne a wurinsu, ko sunan dutsen da aka samo shi. Sauran Turanci ne da ɗan aji uku ya sani: iska, sau biyu. A makarantar daji ta Ibadan da wannan aka fara mana a wurin renon dashe, ƙaramin tsiro in bai sha iska ba sai ya ruɓe daga wuya. Na buɗe murfin da safe na yi musu fifita da kwali. Zan sake da yamma.

Ruwa kuwa ta sha gaya mini kada in kuskura in zuba musu na famfo, maganin da ake sa masa yana ƙone saiwarsu. Akwatin yana yin raɓarsa da kansa, ga ta nan a jikin gilashi.

Talata, 29 ga Yuni, da hantsi

Sakamakona ya fito, babu komai. Allurar rigakafin nan biyu ce da Bashira ta matsa aka yi mini. Ita layinta bai zo ba tukuna.

Duk da haka ba za a cire mini abin hannun nan ruwan hoda da masu fararen kaya suka ɗaura mini ba sai kwanakin sun cika. Ma'anarsa kada in wuce ƙofa. Ina zan je dama.

Na tarar da wata shuɗiyar jarka a barandar baya, cike da ruwa ba murfi, har 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. A garin nan tara ake cin mutum a kan haka. Ƙarfina bai kai in ɗaga ta ba, da ƙafa na tura ta ta tuntsure a magudana. Na ji daɗi na yi wani aiki.

Laraba, 30 ga Yuni, da yamma

An ce tana nan yadda take. Iska, safe da yamma.

Alhamis, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Tajuddeen ya rataye mini leda a ƙofar ƙarfe, ya ja baya ya tsaya. "Baba, na yo maka tapau, abincin ƙunshi, daga mamak, masu shagon abincin nan, shinkafa da kaza. Ba yaji, wallahi sau biyu na gaya masa." Da yaji. Na ci ina share ido, na ji daɗin samun dalili.

Da tana nan, da yanzu muna gardama. Ni abin da aka koya mini shi ne gandun daji iyaka ne da mai gadi. Ka kafa turakun siminti, ka share layin wuta kafin rani, ka kama mai gatari, inda ya yi sanƙo ka dasa itacen zaiti a jere. Haka muka yi a Mambila, kuma kurmin da muka tsare ana ce mini har yau yana nan. Ita sai ta ce mun tsare itace, amma wa ya duba abin da ke ƙarƙashin itacen, kwaɗi da gansakuka da irin waɗannan yaran nata. Ta ce dutse hawa-hawa ne kamar bene, abin da yake zaune a sama ba zai iya saukowa ba, in zafi ya hau ko aka yanka hanya ba shi da wurin gudu. In ce wannan na sani tun ba a haife ta ba, ko a Mambila akwai tsuntsun da ba ka jin kukansa sai ka kai inda gajimare yake kwana a ƙasa. Ta ce to me ya kai mu dasa zaiti. In ce mutane suna bukatar itacen girki da na rufi, in ba ka ba su ba kurmin za su shiga. A nan muke tsayawa kullum, ta kwashe kwanuka.

Yaran daga doron wani dutse suke a Pahang, a gefen gandun gwamnati. An share ƙasan gangaren an yi gonakin kabeji, ruwa ya zo, gangaren ya zafto. Kafin nan ta sami izini ta ɗebi iri, ita da mutanen asalin wurin da suka nuna mata hanya. Niyyar ita ce in sun yi ƙwari a mayar da su can sama, cikin gandun.

Yau na wanke kwanona da kaina. Ɗaya ne.

Juma'a, 2 ga Yuli, lokacin da ya kamata a ce ana masallaci

Babu Juma'a. Kafin kulle takan raka ni a jirgin ƙasa zuwa masallacin Kampung Baru, ta jira ni a wurin masu abinci, wani lokaci mu wuce kasuwar Masjid India ta yi ta juya yadi ba ta saya ba.

Raɓar jikin gilashi ta ɗauke. Gansakukar da suke zaune a kai ta fara yin fari, bakin wasu tukwanen ya yi ja-ja kamar an haska musu ashana. Wataƙila fifitar kwali ba ta isa ba, hannuna yana saurin gajiya. Na jawo fanka daga falo.

Asabar, 3 ga Yuli, da azahar

Wayarta ta aiki da ta bari a tebur ta yi ta ƙara har na ɗauka. Wani Malam Rosli ne, mai kula da gandun can kan dutse. A hankali yake magana, na ji shi sarai. Da ya ji ni tsohon malamin daji ne sai ya saki jiki.

Ya ce tun da aka yi kulle an rage musu masu sintiri, hanya a rufe take ga kowa sai ɓarawo. Mutanen birni da aka tsare a gida sun koma renon furanni, suna sayen irin wannan tsiro da tsada ta waya. Shekaranjiya ya hau doron da ragowar suke, bai tarar da komai ba sai ramuka, kamar an yi haƙar gyaɗa. Ya ce a iya saninsa, abin da ya saura na wannan iri shi ne na cikin akwatinta.

Ya tambayi yadda suke. Na ce lafiya. Ya tambayi ina take. Na ce ta ɗan fita.

Lahadi, 4 ga Yuli, da safe

Ta aiko saƙon murya. "Baba. Yaya yaran?" Tsakanin kalma da kalma akwai wani sauti. Na saurara sau da yawa, muryarta ce dai, alhamdulillahi. Na mayar mata cewa suna lafiya lau, ta kwantar da hankalinta.

Lahadi, da yamma

Ba su lafiya.

Litinin, 5 ga Yuli, bayan la'asar

Tajuddeen bai bugo da safe ba. Da na kira shi ya ce an sauya mata ɗaki. Ban tambayi wane iri ba. Ya ce, "Baba, suna ƙoƙari sosai, mu dai addu'a." Na ce haka ne.

Bayan matata Ɗelu ta rasu gidan Kano ya yi mini faɗi. Bashira ta ce in zo a yi mini aikin ido, wata biyu in koma. Aka yi aikin, aka rufe sama, jirage suka daina tashi. Da na koma a kan lokaci, da yanzu wani mai hankali aka bar wa akwatin nan.

Ganyen sun yi laushi, wasu tukwanen sun motse. Na lura rana tana dukan tagar ɗakin da yamma. A wurin renon dashe rumfar zana muke yi. Ba ni da zana, sai na jiƙa farin zanen gado na rataya shi a ƙarfen taga ta waje. Hawa kujerar ya ɗauke ni lokaci, saukowa ta fi.

Talata, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Yau na sha kunya iri biyu.

Da safe na buɗe ƙofa na tarar da ƙaramin buhun shinkafa, da kiret ɗin ƙwai, da man girki, da kifin gwangwani. Na ɗauka ɓatan ƙofa aka yi, na bar su. Kafin azahar an ƙara burodi da madara. Sai aka ƙwanƙwasa. Tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu ce, wadda fiye da shekara muke gaisawa da kai kawai. Ta tsaya nesa, takunkumi biyu a fuska, ta yi sallama. Sunanta Hajiya Rokiah, a gidan waya ta yi aiki har ta ajiye. Turancinta irin namu ne na da, wanda aka koya da bulala, ban rasa kalma ɗaya ba.

Ta ce sun ga tutata. Na ce wace tuta. Ta ce a makonnin nan duk gidan da abinci ya yanke musu, suna kuma jin nauyin roƙo, sai su rataya farin ƙyalle a taga, maƙwabta su gane ba sai an yi magana ba. Ta ce kada in ji komai, kowa yana iya shiga. Na ce mata ni inuwa nake yi wa tsirrai. Ta ce wane irin tsiro ne yake kwana da zanen gado.

Na shiga na ɗauko ɗaya na kawo bakin ƙarfe. Ta leƙo ta ce periuk kera, tun tana yarinya rabonta da shi. Ta ce amma wannan ƙishirwa ke kashe shi. Na ce ni umarni nake bi, a rubuce yake. Na karanta mata baƙi-baƙi, A, I, R. Ta ce sai me. Na ce H, U, J, A, N, sunan tsiron. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ta dafa bango.

"Tuan Haji," ta ce, wato Alhaji, "ba Turanci ba ne, namu ne. Ayir muke cewa. Ruwa ke nan. Hujan kuma shi ne wanda yake zubowa daga sama. Ruwan sama, sau biyu a rana."

Na tsaya riƙe da tukunyar. Na tuna shuɗiyar jarka.

Ta tambaya tun yaushe nake yi musu fifita. Na ce tun da aka tafi da 'yata asibiti. Ba ta ƙara dariya ba. Ta tambayi sunan yarinyar da na mahaifiyarta, ta maimaita su har ta riƙe.

Ina ganin da a wani makon na ga kalmar nan, da na tsaya na yi tambaya. Amma a kwanakin nan duk wanda ya bugo waya maganar iska yake yi mini, nawa ta samu, nawa ta rage.

Na kashe fanka. Na rufe murfin. Na sauke zanen.

Talata, bayan magariba

Sama fes, ko ɗigon gajimare babu a kan dogon dutsen nan mai haƙora da ake hangowa daga tagarmu. Hajiya Rokiah ta ce watan nan ruwa yana yin wuya. Na gaya wa Tajuddeen duka. Allah ya saka masa, ya yi tari ya danne dariyar. Sa'an nan ya ce, "Baba, ai kana da ruwan a gida. Duba bayan esi ɗin, akwai tiyo yana ɗiga." Ya ce ruwa ne da injin yake matsowa daga iskar ɗaki, babu magani a ciki, babu gishiri, ɗan'uwan ruwan sama ne. Na ce ya tabbata. Ya ce wannan kam shi ne karatunsa, boleh, wato zai yiwu, in sa tukunya.

Na sa tukunyar miyar Bashira a ƙarƙashin tiyon. Ashe dai iskar ce, ta wata hanya.

Laraba, 7 ga Yuli, bayan asuba

Rabin tukunya. Na bi su da cokalin shayi ɗaya bayan ɗaya, na fara da waɗanda suka fi jin jiki. Gansakukar ta sha kamar soso. Bai kai ga kowa ba.

Laraba, da la'asar

Gorunan ruwa a bakin ƙofa, manya da ƙanana, wasu da lambar gida a jiki. Hajiya Rokiah ce ta bi barandar gaba ƙofa-ƙofa ta ce a tara wa tsohon Najeriya ɗigon esi. Ban san me ta gaya musu ba, amma wani Basine da ke ƙarshen layi ya ɗago mini hannu daga nesa yana fifita da jarida.

Kayan abincin na roƙi Tajuddeen ya kai wa ɗaliban da ke hawa na sama, na ji an ce su da gaske suke bukata. Hajiya ta ce ƙwan dai in riƙe, ta ga ƙafafuna.

Kowa ya sha yau. Alhamdulillahi.

Alhamis, 8 ga Yuli, da safe

Raɓa ta dawo jikin gilashi.

Juma'a, 9 ga Yuli, bayan azahar

Tajuddeen ya kai ni ƙaramin asibitin unguwa aka yanke abin hannun. Wurin ya yi fari kamar na mai agogo. Titi babu kowa, kantuna a rufe, na ga farin ƙyalle a tagogi da yawa. Yanzu na san karatunsa, na sunkuyar da kai.

A hanya ya ce likita ta ce jiya ta fi shekaranjiya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Lahadi, 11 ga Yuli, da hantsi

Na yi abin da na iya. Na ware waɗanda suka bushe ƙurmus na jera su a kusurwar akwatin. A da in dashe ya kai haka zubarwa muke yi, a ba na kirki wuri. Na kai hannu na fasa. Ba nawa ba ne, kuma na gaji da yanke hukunci a kan abin da ban karanta daidai ba. Su ma ina ba su cokalinsu.

Sauran kuwa ganyensu ya fara miƙewa. Tukwanen da suka motse ba za su dawo ba, wannan na sani.

Litinin, 12 ga Yuli, da azahar

An mayar da ita babban ɗaki. An cire mata abin iska na fuska, saura na hanci.

Na zauna a kan sallaya ban san tsawon lokacin ba. Na dafa ƙwai biyu na cinye duka.

Talata, 13 ga Yuli, da yamma

Ta kira da kanta. Ta yi jimla guda ba ta tsaya ba, na ƙirga a raina har ƙarshenta. Ta ce abincinsu ba gishiri, ta ce wata ma'aikaciya tana kiranta Kak Shira, wato Yaya Shira. Ta tambayi yaran. Na ce suna shan ruwa safe da yamma. Gaskiya ce. Ta tambaya ko jarkar ruwan saman ba ta ƙare ba. Na ce ana samu.

Sauran zai jira ta sami ƙarfi. Ko ni in samu.

Alhamis, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa.

Tun azahar gajimare ya taru a kan dutsen mai haƙora, ya yi baƙi, ya rufe shi. Na fitar da jarkar da tukwane da bahon wanki barandar baya. Da ya sauko sai na ji hayaniya a barandar gaba, na leƙa. Bokitai a jere a bakin ƙarfe har ƙarshen layi, Basinen nan ya ɗaura lema a juye tana zuba cikin roba. Hajiya Rokiah tana tsaye a ƙofarta tana ba da umarni kamar mai raba wasiƙu. Ta hango ni ta nuna sama ta ce, "Tuan Haji, karanta mini wannan." Na ce air hujan. Ta ce na ci jarrabawa, amma a makare.

Jarkar ta cika. Na rufe bakinta da tsumma saboda sauro. Rigata ta jiƙe, ƙirjina yana ɗan ciwo, na sha shayi. Ƙamshin ya kai ni Gembu, farkon damina, lokacin da muke fita duba layin wuta mu ga ciyawa ta riga mu rufe shi.

Asabar, 17 ga Yuli, da safe

Malam Rosli ya sake bugowa. Wannan karon na gaya masa inda take, na kuma gaya masa da sauƙi. Ya yi mata addu'a. Ya ce mutanen asalin wurin sun yarda za su riƙa kwana kusa da doron su da kansu, sun fi ma'aikatansa sanin sawu. Na ce a zamanina su muke fara kora. Ya ce a nan ma haka aka yi. Muka yi hira kamar tsofaffin abokan aiki a kan wuta da iyaka da ƙarancin ma'aikata, abin duk ɗaya ne, sunan dutsen kawai ya bambanta.

Da ya tambayi tsirran na ce wasu sun sha wahala, mafi yawa suna nan. Ya ce ya riga ya zaɓi wurin da za a dasa su, inda ba ya ganuwa daga hanya.

Litinin, 19 ga Yuli, da hantsi

A ƙarshen wani ganye akwai ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero. Na ɗauko tabarau na biyu. Sabuwar tukunya ce.

Talata, 20 ga Yuli, Babbar Salla, bayan azahar

Na yi sallar idi ni kaɗai a falo. Babu rago, babu hayaƙi. Hajiya Rokiah ta rataye mini shinkafa da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa, da nama da ya dahu har ya yi baƙi. Aishatu ta aiko da waina da miyar taushe, ban san inda ta samo kabewa ba. 'Ya'yana na gida sun kira ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambayar abu ɗaya, yau kuma ina da amsa.

An cire na hancin. Sun ce jibi, in Allah ya so.

Laraba, 21 ga Yuli, da yamma

Na share gidan, da hutawa tsakani. Na goge gilashin akwatin ciki da waje. Na shirya yadda zan faɗa mata, na canja, na sake canjawa. Rabona da irin wannan faɗuwar gaba tun ana aiko mana cewa babban jami'i zai zo duba gandu.

Alhamis, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Ta dawo.

Tajuddeen da Aishatu suka kawo ta har ƙofa suka juya. Abayar tana yawo a jikinta. Ta so ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta bari. Na riƙe hannunta, ba nauyi. Na ce ta kwanta. Ta ce to, ta bi bango ta wuce ƙaramin ɗaki.

Na tsaya a bayanta, hannuna a baya. Ta buɗe murfin ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya tana juyawa. Da ta zo kan na kusurwa sai ta sa farce ta kankare gindin kowanne kaɗan. Wasu ta ajiye gefe. Wasu ta nuna mini, ƙarƙashin busasshen ɓawon kore ne shar. Ta ce waɗannan za su tofo daga ƙasa, gara da ban zubar ba.

Na tambaye ta ko abin da ya rage ya isa.

"Ya isa a fara, Baba. Ya isa a mayar." Ta sake duban motsattsun tukwanen. "Amma me ya same su? Kamar an shanya su."

Na gaya mata. Duk shirin da na yi ya tafi, na faro daga rubutun murfin, na bi ta kan jarka da zanen gado da ƙwai. Tana sauraro, ta dafa bakin tebur, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Da me ka yi musu fifitar?"

"Da kwali. Daga baya da fanka."

"Fanka." Ta haɗiye wani abu. "Lamba nawa?"

"Uku."

Ta zame a hankali ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur, ta fara dariya. Ta yi ta yi, mayafin ya zame, hawaye yana zuba, ta ɗago ta dube ni ta ce uku, ta sake komawa. Ni ina tsaye ban motsa ba, ina jiran tarin ya biyo baya.

Bai zo ba.